Jirgin Da Ya Tsaya A Kano, Amma Ya Juya Akalar Kasuwar Daura

'Yan uwa, kwanakin baya bayan sallar la'asar wasu matasa suka tsaya a ƙofar masallaci suna muhawara a kan layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa ta Daura. Ɗaya daga cikinsu ya ce ai Daura ba ta taɓa sanin jirgin ƙasa ba. Gaskiya ne ƙarfen dogo bai taɓa zuwa garin ba a da. Amma jirgi ya daɗe da shigowa gonakin Daura da aljihun kakanninmu, ko da yake ba su ji kukansa ba. Wannan shi ne darasinmu na yau.

Kafin zuwan Turawa, fuskar kasuwancin ƙasar nan arewa take kallo. Ayarin raƙuma yana tashi daga Kano, ya bi ta Damagaram da Agadas har Tarabulus a bakin teku, ɗauke da fatu da gashin jimina da tufafin rini. Ƙasar Daura tana tsakanin Kano da Damagaram, saboda haka fatake suna yada zango a cikinta, masu hatsi da masu ruwa da masu masauki duk suna samu.

Sai Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Matsalarsu ita ce yadda za su fitar da kaya zuwa teku, su kuma kai soja inda suke so cikin sauri. Lugga ya nace sai an ja dogo daga bakin kogin Kwara zuwa Kano, ta yadda Arewa ba za ta dogara da Legas ba. A 1907 gwamnatin Ingila ta amince, aka kuma turo Percy Girouard a matsayin gwamna. Shi injiniyan soja ne ɗan Kanada, wanda ya riga ya ja wa sojan Ingila layin dogo a Sudan. An fara aikin daga Baro, wani ƙaramin gari a ƙasar Nufe, aka bi ta Minna da Zariya, tafiyar mil 350 da 'yan kai. Dogo ya iso Kano a watan Maris na 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. A shekarar 1911 ɗin nan ce Sarkin Daura Abdurrahman ya hau gadon mahaifinsa Malam Musa, ya yi sarauta har 1966. Kun ga ke nan kusan duk zamanin da za mu yi magana a kansa a idonsa aka yi shi.

To wa ya yi aikin? Littattafai sun fi ambaton injiniyoyi, amma talakawa ne suka haƙa ƙasar, suka ɗauke ta a kwando bisa kai. Gwamnati takan yanka wa sarki adadin mutanen da zai kawo, sarki ya yanka wa hakimai, hakimai su yanka wa dagatai. Mutum ya bar gonarsa ya yi makonni a bakin diga, sannan a musanya shi da wani. Ana biyan lada, amma ba a tambayi yardar mutum ba, kuma lada ba ta mayar da tilas ta zama yarda. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda aikin ya ratsa ƙasarsa, ya yi waƙa sukutum a kan lamarin, ita ce ake kira Waƙar Diga. Kuɗin ƙarfen da ake biyan leburori suna cikin abin da ya kori wuri daga kasuwanninmu, tunda haraji ma da su aka koma karɓa.

Ga wani abin kwatance da na daɗe ina tunani a kansa. A wannan tsakanin ne Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya Abdulhamid na biyu ya ja dogo daga Dimashƙa zuwa Madina. An fara a 1900, aka isa Madina a 1908, kuma Musulmi daga ƙasashe daban-daban sun ba da gudummawar kuɗi. Tafiyar kwana arba'in ta dawo ta kwana biyar ko makamancin haka. Shi ma yana da manufar siyasa da ta soja, ba na musu. Amma wancan an ja shi ne ya kai mutane wani wuri, namu kuwa an ja shi ne ya fitar da kaya. Duba taswirar dogon Najeriya na da: kowane layi teku ya nufa.

Kayan da Turawa suka sa rai a kai auduga ce. Masaƙun Lankasha suna neman wata hanya ban da Amurka, har aka kafa injin gurzar auduga a Zariya. Sai lissafi ya ƙi. Masaƙan Kano suna sayen auduga da kuɗin da ya fi na Bature, don me manomi zai kai ta inda za a karya masa farashi? A daidai lokacin kuma masana'antun Turai suka shiga neman man gyaɗa don yin sabulu da man shafa wa burodi. Fataken goro na Kano, waɗanda suka san lissafin riba tun daga hanyar Gwanja, su ne suka fara ganewa. Suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi da bashi, suna cewa a shuka gyaɗa. Manomi kuma ya ga gyaɗa tana son jigawa, tana gyara ƙasa, in ciniki ya ƙi ma a ci ta a gida. A 1912 gyaɗar da Najeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000, a 1916 ta haura 50,000. Daga cikin waɗannan fatake Alhassan Ɗantata ya fito, daga nan kuma dalar gyaɗa ta samo asali. Wannan fa ba dabarar Bature ba ce, dabarar manomi ce da ɗan kasuwa Bahaushe.

A nan ne Daura ta shigo. Tsakaninta da tashar Kano kimanin kilomita 130 ne, kuma ƙasarta irin wadda gyaɗa ke so ce. Jakunan da raƙuman da a da suke fuskantar arewa sai suka juyo kudu, ɗauke da buhuna ta Kazaure da Ɗambatta zuwa sikelin kamfani, kafin motocin lori su karɓe aikin. Har gyaɗar ƙetaren iyaka, ta wajen Magarya da Matamaye, Kano take gangarowa, domin Faransa ba ta ja dogo a Nijar ba. Hanyar Tarabulus kuwa ta mutu. Larabawan Kano da kansu suka koma aika fatunsu ta Legas a jirgin ruwa, don ya fi sauƙi ya fi aminci.

Kada a ɗauka alheri ne zalla. Damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kashe jama'a masu yawa a arewacin Kano da Katsina da Daura da Damagaram a 1914. Fari ne tushenta, amma ta sami mutane suna neman kuɗin haraji, wasu rumbunansu ba su cika ba. Daga baya kuma bashin gyaɗa ya zama sarƙa: a ba ka kuɗi da bazara lokacin da gida babu hatsi, da kaka ka biya da buhu a farashin da ba kai ka yanka ba. Wanda ya karanta babin salam a fiƙihu ya san sharuɗɗan da aka gindaya wa sayen amfanin gona kafin girbi, ya kuma san abin da ke faruwa da mai rauni idan aka yi watsi da su.

An ƙara rassa daga baya. Na Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, na Kano ya kai Nguru a 1930. Katsina da Daura aka tsallake su. Shi kansa Baro bai ji daɗin abin ba, domin manyan jirage ba sa iya hawa Kwara sai 'yan watannin cikar ruwa. Da aka haɗe layin da na Legas a Minna a 1912, sai kaya suka koma can, garin da aka fara komai daga cikinsa ya zama ƙaramin reshe.

Sabon layin da aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2021, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, kilomita 284 ne, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke aikinsa, kuma faɗinsa ya fi na tsohon dogo, don haka taragon wancan ba zai hau wannan ba. Zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya ya shiga Maraɗi. Wannan karon arewa ya fuskanta, kamar ayarin da. Dalar gyaɗa kuwa babu ita tun shekarun 1970, bayan fari da cutar gyaɗa da zuwan kuɗin fetur. Na tambayi matasan nan me Daura za ta loda idan jirgin ya tsaya. Ɗaya ya ce riɗi, wani ya ce shanun kasuwar Mai'adua, na ukun ya ce shi dai fasinja ne zuwa Kano. Muna cikin haka aka kira magariba.