Akwatin wuta mai tsinkawa

Garin Gure yana gabas da Damagaram, wajen kilomita 160 bisa hanyar da ta nufi Diffa. Arewa da shi akwai duwatsun Kutus, daga nan sai rairayi har Tasker. A ƙasa mai faɗi irin wannan, labari yana daɗewa bisa hanya. Kafin wayar salula ta bazu, da radiyon kira ma'aikatan gwamnati da jandarmomi da ma'aikatan likita suke magana da juna daga nesa. Radiyon kira yana jin magana, yana kuma aika ta. Har yau yana da amfani a wuraren da salula ba ta kamawa.

Radiyon kira yana da abincinsa. Wuta yake so mai ƙarfin bolt 12 zuwa 14, mai tafiya hanya ɗaya, irin ta batirin mota. Wutar kamfanin Nigelec kuwa bolt 220 ce, kuma kai-da-komo take yi, sau 50 cikin sakan guda. In aka ba radiyo wannan wuta kai tsaye, nan take zai ƙone. Shi ya sa ake sa wani akwati tsakaninsu, wanda yake rage wutar, ya miƙar da ita. Shi ne akwatin wuta.

A cikin akwatin wuta irin na da akwai babban tiransifo, wato dunƙulen ƙarfe da aka naɗe da wayar jan ƙarfe. Shi yake rage bolt 220. Abin da ya yi saura bayan an rage, sai akwatin ya mai da shi zafi, ya watsar. Kusan rabin wutar a haka take salwanta. Ga kuma nauyi: akwatin da zai ciyar da radiyon kira mai ƙarfin wat 100 yakan kai kilo 10 ko fiye. A watan Afrilu da na Mayu, lokacin da zafin Gure yake wuce digiri 40, irin wannan akwati ba ya taɓuwa da hannu.

Sabon akwatin wata dabara gare shi. Da Faransanci ana ce masa alimentation à découpage, wato mai tsinka wuta. An soma aiki da irinsa sosai a shekarun 1960, cikin jiragen sama da taurarin ɗan adam, inda ba a son kaya masu nauyi. A shekarun 1970 ya shiga kwamfuta da talabijin. Yau yana cikin kowace cajar salula.

Ga yadda yake aiki. Wuta tana shigowa, sai ta bi ta wasu ƙananan ƙofofi masu suna diyod, waɗanda ba sa barin ta ta koma baya. Daga nan ta taru cikin kwandansate. Kwandansate randa ce ta wuta: tana cika, tana ajiyewa, tana bayarwa. A cikin wannan randa ta farko ƙarfin wutar yana kai bolt 310.

Yanzu aikin taransisto ya zo. Taransisto makunni ne wanda ba ya bukatar yatsa. Yana buɗewa yana rufewa sau 50.000, ko 100.000, ko ma fiye, cikin sakan guda. Ta haka yake tsinka wutar guntu-guntu, yana tura ta cikin tiransifo.

Me ya sa ake wannan sauri? A ɗauki misalin mutum biyu masu cika tulu. Na farko yana da ƙaton guga, amma jefi-jefi yake zubawa. Na biyu ludayi ne a hannunsa, amma hannun ba ya tsayawa. Dukansu za su cika tulun. Tsohon tiransifo shi ne mai guga: tunda sau 50 kawai wuta take juyawa a sakan, dole ya zama babba don ya ɗebi da yawa kowane karo. Sabon shi ne mai ludayi. Saboda saurinsa, ɗan ƙarami ya isa. Akwatin da ya kai kilo 10 sai ya koma kilo 2.

Zafi ma ya ragu, don makunnin a buɗe yake sarai ko a rufe ruf. Ba ya tsayawa rabi da rabi, inda wuta take gogayya tana zama zafi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na wutar tana isa ga radiyo.

Bayan tiransifo akwai wasu diyod da randa ta biyu, wadda take tara guntayen su zama wuta mai santsi. Akwai kuma mai gadi, wata ƴar na'ura da take auna wutar da ke fita. In mai radiyo ya danna maɓallin magana, radiyo ya zuƙi wuta da yawa, randa ta soma sauka. Nan da nan mai gadi ya sa makunnin ya ɗan ƙara jimawa a buɗe kowane karo. In randa ta cika, ya rage. Haka yake yi idan wutar gari ta yi rauni ko injin wuta yana tangal-tangal. A ƙauyen da ake aiki da faranti mai zuƙar hasken rana, na'urar da take mai da wutar batir bolt 220 ita ma da tsinkawa take aiki.

Amma dabarar tana da aibi, kuma radiyo ne aibin ya fi cuta. Duk lokacin da aka tsinka wuta farat ɗaya, tana fitar da ƴar igiya ta radiyo. Tsinkawa sau 50.000 tana haifar da amo a 100.000, da 150.000, har can cikin miliyoyi, inda gajeren zango yake. Wayoyin akwatin su zama eriya, su watsa amon. Muryar ma'aikacin likita da ke kiran motar ɗaukar mara lafiya daga daji tana isowa da rauni ƙwarai. Caja guda mai araha kusa da eriya ta isa ta binne wannan murya cikin kuwwa.

Saboda haka akwatin da aka ƙera don radiyo yana da matatai na naɗin waya da kwandansate a mashiga da mafita. Jikinsa na ƙarfe ne, ana kuma haɗa shi da ƙasa. Ɗan kumburin nan da ake gani a jikin wasu wayoyin kwamfuta shi ma matata ne. Masu ƙera kayan araha sukan bar matatan don rage kuɗi. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ƙofofin iska, sai a riƙa share su.

Yaro ba ya buɗe akwatin wuta. Randa ta farko tana iya riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya daga bango.

Gwaji

Ku kawo radiyo mai batir cikin aji. Ku sa shi a gajeren zango ko matsakaicin zango, wurin da ba tasha. Malam ya jona cajar salula, ya matso da radiyon kusa da ita, sannan ya janye shi sannu a hankali. Ku sāke gwadawa a zangon FM.

Tambayoyi

1. Wace irin wuta radiyon kira yake so?
2. A misalin guga da ludayi, wane ne sabon tiransifo? Don me?
3. Me mai gadi yake yi idan an danna maɓallin magana?
4. A gwajinku, taku nawa aka yi kafin kuwwar ta ɓace?