Karatun Duwatsu: Tsofaffin Koguna Da Teku A Saharar Nijar

Gabatarwa

A wannan taƙaitaccen nazari zan yi ƙoƙarin nuna yadda masana ilimin duwatsu ke gane yanayin da wuri ya kasance a zamanin da, ta hanyar duba jerin duwatsunsa. Na ɗauki Saharar Jamhuriyar Nijar a matsayin misali.

Yadda Ake Karatun

Ruwa da iska kan kwaso yashi da laka su jibge a kwari, wani kan wani. Da daɗewa sai su daskare su zama dutse hawa-hawa. Tun a 1669 Nicolas Steno ya bayyana cewa hawan da ke ƙasa ya girmi na samansa. Ke nan daga ƙasa ake fara karatu a yi sama.

Kowane hawa da alamarsa. Tsakuwa da yashi mai kauri aikin kogi ne mai ƙarfin gudu. Laka mai laushi kan kwanta ne a ruwa mai natsuwa, kamar tafki. Dutsen farar ƙasa mai ɗauke da ɓawon halittun teku kuwa shaidar teku ce marar zurfi.

Misalai

A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas, akwai duwatsun yashi da koguna suka jibge kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. A cikinsu aka tono ƙasusuwan wani kada mai tsawon fiye da mita 9, wanda masana daga Faransa suka raɗa wa suna Sarcosuchus a 1966. A nan kuma Paul Sereno, masani daga Amurka, ya samo Nigersaurus, wata ƙatuwar dabba mai cin ganye da haƙora fiye da 500, ya ba ta suna a 1999. Kada ba ya zama inda babu ruwa.

Bayan zamanin kogunan, teku ta ratso Sahara ta malale yammacin Nijar har zuwa ƙasar Sakkwato ta yanzu. Ita ta bar dutsen farar ƙasa na Kalambaina wanda ake siminti da shi.

Amfanin Wannan Ilimi

Wanda ya san inda tsohon kogi ya bi, ya san inda zai nemi arziki. Yuraniyom ɗin Arlit, da aka fara haƙa a 1971, a cikin duwatsun yashin tsofaffin koguna yake. Haka kuma dutsen yashi kan riƙe ruwa, laka kuwa ta tare shi. Don haka mai haƙa rijiyar burtsatse da bai san jerin ba yana iya asarar kuɗinsa.

Kammalawa

A ganina, mu ɗaliban harshe muna da aiki a nan. Mutanen da ke zaune kan waɗannan duwatsu suna buƙatar bayaninsu da harshen da suke ji, kuma samar da kalmomin a wuyanmu yake.