Ciwo Ɗaya, Jinya Biyu

Hajiya,

Ni matar aure ce a Umbadda, 'ya'yana biyar. Wata biyu bayan haihuwar autana ƙafafuna suka kumbura, in na kwanta numfashi ya gagare ni. Likita a Omdurman ya ce zuciyata ce ta yi rauni. Maigidana ma ciwon zuciya gare shi. Shi da ya kwanta, gida ya tsaya cak: aka hana shi zuwa kasuwar Suk Libya, abincinsa daban, 'yan dubiya har ƙofar gida. Ni kuwa har yau ni ce a bakin murhun kisra, ni ce wanki, ni ce ɗaukar jarkar ruwa. In na ce na gaji, surukata ta ce son jiki ne, ai su ma sun yi jego. In kuɗin magani bai kai na mutum biyu ba, nasa ake saya. Dare ya yi, in yi ta kuka. Ina mafita?

'Yarki daga Umbadda

'Yata,

Ba son jiki ba ne, ciwo ne sananne. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata masu jego fiye da 200 a Zariya masu irin wannan raunin zuciya, suka danganta yawansa da kunun kanwa, wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta. Kanwa da gishiri suna tara ruwa a jiki, zuciya ta kasa turawa, shi ne kumburi da haki.

Bambancin da kika gani ma ba a gidanki kaɗai yake ba. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna mata masu ciwon zuciya sun fi maza fama da gajiya da damuwa. Wani ɓangare na dalilin a fili yake: namiji ana jinyarsa, mace tana jinyar wasu.

Albishir shi ne, mata da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa in sun samu magani da hutu. Don haka ki tafi asibiti da maigida, har da surukarki in ta yarda, likita ya faɗa musu da bakinsa. Abin da ba su ji daga gare ki ba, za su ji daga gare shi. A gabansa a yi lissafin maganin ku biyu, domin yanke naki kasada ce da rai.

Ki bar kanwa, ki rage gishiri. Jarka da wanki a raba wa manyan yara da dangi. Kada ki sake ɗaukar ciki sai an yi hoton zuciyar, likita ya amince. In kumburi ya ƙaru ko haki ya tashe ki daga barci, kada ki jira gari ya waye. Kukan daren nan ma ki faɗa wa likita, yana da magani.

Maigidanki ya san zafin ciwon nan a ƙirjinsa, shi ya fi kowa cancantar tsaya miki. Allah ya ba ku lafiya baki ɗaya.

Hajiya