NEMAN NUFIN ALLAH KAFIN YANKE SHAWARA

Karatu: 1 Sama'ila 3:1-10, Luka 14:28-33, Ayyukan Manzanni 15:1-29

Gabatarwa

'Yan'uwa cikin Kristi, lokacin kaka lokacin shawarwari ne. Da zarar gero da dawa sun shiga rumbu, aka kai riɗi da gyaɗa kasuwa, sai maganganun da aka jingine tun farkon damina su taso a gidajenmu na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa. Saurayi yana tunanin tafiya cirani Kano ko Kurmi. Maigida yana lissafin ko ya sayar da gonar gado ya sayi babur na haya. Budurwa tana da manema biyu, ɗaya ɗan Ikilisiya ne, ɗaya kuwa ba mai bi ba ne. Yaron da ya gama sakandare bai sani ba ko ya nemi gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko ya amsa kiran da yake ji a zuciyarsa na zama Fada.

Kowannenmu yana so ya san nufin Allah a kan irin waɗannan al'amura. Abin da wannan darasi yake koya mana shi ne, Allah yana bi da 'ya'yansa, amma ba ya buɗe mana labulen gobe. Yana bi da mu ta wurin addu'a, da Maganarsa, da hankalin da ya ba mu, da shawarar 'yan'uwa. Sa'an nan yakan bar mu mu zaɓa, gama mu 'ya'ya ne a gidansa.

1. Ƙofofin da ba za mu ƙwanƙwasa ba

Idan shawara ta yi nauyi, zuciya takan nemi gajeriyar hanya. Kakanninmu sun san boka da ɗan bori da mai bugun ƙasa, har yau kuwa akwai Kiristan da yakan je Misa da safe, ya je wurin mai duba da dare. A zamanin nan kuma an sami waɗanda suke kiran kansu annabawa, suna riƙe da Littafi Mai Tsarki, suna karɓar kuɗi don su faɗa wa mutum wadda zai aura ko wanda ya tare masa arziki. Tufa ce kawai ta sāke, sana'ar ɗaya ce.

Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta hana jama'ar Allah duba da tsafi da tambayar matattu. Katikisim na Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya sake ƙarfafa wannan hani a sashe na 2116. Dalilin a fili yake. Mai zuwa duba yana so ya riƙe gobe a hannunsa, alhali gobe ta Allah ce. Ga kuma ɓarnar da muke gani da idonmu: an ce wa mutum kishiyar uwarsa ko ƙanen ubansa ne ya yi masa asiri, sai zumuncin shekara da shekaru ya watse saboda maganar wanda ya ci kuɗinsa.

To, mafarki fa? Gaskiya ne Allah ya yi wa Yusufu mijin Maryamu magana cikin mafarki. Amma mu lura, Matiyu ya nuna mana cewa Yusufu adali ne, yana kuma cikin auna al'amarin da tsoron Allah kafin mala'ika ya zo. Littafin Sirak, sura 34, ya gargaɗe mu kada mu ɗora rayuwarmu a kan mafarkai. Mafarkin da ya saɓa wa Bishara, ko ya sa mu ƙi ɗan'uwa, ba daga Allah yake ba.

2. Abin da Allah ya riga ya faɗa

Akwai al'amuran da ba sa bukatar dogon nema, domin amsarsu tana cikin Dokoki Goma da koyarwar Ubangijinmu. Ba a yin novena don a san ko ya kamata a ci amanar kuɗin Zumuntar Mata, ko a zuba yashi cikin buhun hatsi, ko a ƙara aure bisa matar da aka ɗaura aure da ita a gaban bagade, ko a yi musun Kristi don a sami aiki ko fili. Wanda ya ce yana jiran Allah ya nuna masa hanya a kan waɗannan, yana ruɗin kansa ne.

Neman nufin Allah yakan fara ne inda hanyoyi biyu ko uku suke gabanmu, kowacce halal ce: zama ko tafiya, aure ko hidimar bagade, noma ko karatu. A nan ne muke bukatar hikima, Wasiƙar Yakubu 1:5 kuwa ta tabbatar mana Allah yana ba da ita ga mai roƙo ba tare da gori ba.

3. Addu'a da sauraro

Yaro Sama'ila ya ji kira sau uku cikin dare, sau uku kuma yana gudu wurin Eli, domin bai riga ya san muryar Ubangiji ba. Sai da tsohon ya koya masa ya koma ya kwanta, ya amsa a matsayin bawa mai sauraro. Yawancin addu'o'inmu magana ce daga gefe ɗaya. Mukan riga mu yanke shawara, sa'an nan mu kawo wa Allah don ya sa hannu. Mai neman gaskiya yakan fara da roƙon a daidaita zuciyarsa kamar ma'auni, kada ta rinjaya gefe ɗaya tun kafin a ɗora kaya.

Maƙwabtanmu Musulmi suna da addu'ar Istihara da suke yi kafin aure ko tafiya ko ciniki. Idan su suna miƙa zaɓinsu ga Mahalicci, bai kamata mu da muke kiran Allah Ubanmu mu tashi da muhimmin al'amari ba tare da mun durƙusa ba. Ikilisiya ta ba mu kayan aiki: karatun Bishara na kowace rana, Rosari, novena ta kwana tara ga Ruhu Mai Tsarki, zama shiru a gaban Sakramenti Mai Albarka, da furta zunubi wurin Fada. Zuciyar da fushi ko kwaɗayi ya gurɓata kamar ruwan kududdufi ce da shanu suka tattake. Sai ta kwanta ake ganin ƙasanta. A ƙauyukan da Fada ba ya samun zuwa kowace Lahadi, karatun da Katikis yake yi a taron sujada shi ma muryar Allah ce gare mu.

4. Zama a yi lissafi

Yesu da kansa ya ba da misalin mai gini wanda yakan zauna tukuna ya ƙididdige abin da aikin zai ci, don kada ya kafa tushe ya kasa gamawa. Ashe lissafi ba rashin bangaskiya ba ne. Allah da ya ce mu dogara gare shi, shi ne ya ba mu hankali.

A wannan fanni Ikilisiya tana da gwani, Waliyyi Ignatius na Loyola, mutumin ƙasar Sifen, wanda aka haifa a 1491 ya rasu a 1556. Soja ne, harsashin igwa ya karya masa ƙafa a yaƙin Pamplona a 1521. Yana kwance yana jinya, sai ya lura da wani abu. Idan ya yi tunanin suna da ɗaukakar duniya, yakan ji daɗi na ɗan lokaci, daga baya zuciyarsa ta bushe. Idan kuwa ya yi tunanin bin sawun Kristi da tsarkaka, farin cikin yakan daɗe. Daga nan ya tsara ƙa'idodin rarrabe motsin zuciya, waɗanda Paparoma Bulus na Uku ya amince da su a 1548. Marigayi Paparoma Francis ya koyar da wannan fanni a jawabansa na ranar Laraba daga Agusta 2022 zuwa Janairu 2023. Ga huɗu daga cikin shawarwarin Ignatius, a taƙaice:

Na ɗaya, mu jera amfani da illar kowace hanya, ga rai da ga jiki, ga kanmu da ga iyalinmu.

Na biyu, mu ɗauka wani baƙo ne da muke yi wa fatan alheri ya zo mana da wannan matsala. Abin da za mu faɗa masa, shi za mu faɗa wa kanmu.

Na uku, mu ɗauka muna kan gadon mutuwa. Wace hanya za mu so a ce mun bi?

Na huɗu, kada mu rushe kyakkyawar shawarar da muka riga muka yanke sa'ad da zuciya take cikin duhu da baƙin ciki. Ranar da damina ta ƙi, ko aka yi faɗa a gida, ba ranar sayar da gona ko barin gari ba ce. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Mu ɗauki batun tafiya neman kuɗi. Babura tana kan iyakar Nijar, labarin masu bin hanyar Agadas zuwa Aljeriya da Libiya kuwa ba baƙo ba ne a kunnenmu. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Talauci ne ya tura su, ba mu da bakin zarginsu. Amma wanda yake shirin tafiya ya tambayi kansa a gaban Allah: Wa zai ciyar da iyalina kafin in dawo? Wa zai nome gonar? Bashin kuɗin mota fa, wa zai biya in ban samu ba? Inda za ni, zan sami Ikilisiya? Wanda yake kirana, na san gaskiyarsa? Mai yiwuwa amsar ta zama tafiya cirani Kano na wata huɗu, ko noman rani a gefen dam, ko kuwa zama. Ko wacce ce, a kai gare ta da ido buɗe.

5. Shawara ɗaukar ɗaki ce

Mutum ɗaya ba ya ɗaga jinka. Kafin saukowar Ruhu Mai Tsarki, manzanni sun jefa ƙuri'a don zaɓen Matiyas. Bayan Fentikos ba mu sake ganin sun yi haka ba. Da gardama ta tashi a kan kaciyar al'ummai, sai suka taru a Urushalima, suka saurari Bitrus da Bulus da Barnaba, Yakubu ya kawo shaidar Nassi, sa'an nan suka yanke magana tare, suna da tabbacin Ruhu yana tare da su.

Saboda haka mu nemi wanda zai zama mana Eli: Fada, Sista, Katikis, uban baftisma, ko dattijuwar da kowa ya shaida tsoron Allahnta. Kada mu zaɓi wanda muka san zai faɗi abin da muke so kawai, ko wanda yake da riba cikin al'amarin.

Batun aure ya fi kowanne bukatar wannan. Muna zaune tsakiyar dangi da maƙwabta waɗanda ba addininmu ɗaya ba, ƙauna kuwa ba ta tambayar hanya. Dokar Ikilisiya ta 1983 ta ce auren Katolika da wanda ba a yi wa baftisma ba, ba ya ɗauruwa sai da izinin Bishop ko wakilinsa. A gare mu, wato Dayosis na Kano wanda ya haɗa jihohin Kano da Jigawa. Mai bi zai yi alkawarin riƙe bangaskiyarsa, da yin iyakar ƙoƙarinsa don a yi wa 'ya'ya baftisma a goye su cikin Ikilisiya, za a kuma sanar da ɗaya ɓangaren wannan alkawari. Budurwa ta tambayi kanta da gaske ko gidan da za ta shiga zai bar ta ta cika shi. A zo wurin Fada tun kafin a karɓi kayan gaisuwa, kada a bari sai an sa rana.

Iyaye kuma mu ji wannan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, don haka shawararmu tana da daraja. Amma dokar nan ta ce yardar masu auren ita ce take ƙulla aure, auren da aka ɗaura bisa tilas ko tsoro mai tsanani kuwa ba aure ba ne. Haka nan kada mu tura yaro makarantar Fada don neman suna, kada kuma mu hana wanda Allah ya kira don muna so ya yi mana noma.

6. Yanke shawara da dogara

Bayan addu'a da lissafi da shawara, sai a yanke. Wanda yake jiran cikakken tabbaci kamar manomi ne mai jiran a rantse masa damina za ta yi kyau kafin ya yi shuka. Mu miƙa zaɓinmu ga Allah a wurin Misa, mu duba ko yana haifar da salama da ƙauna da haƙuri, waɗanda Bulus ya lissafa cikin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa 5:22.

Kada kuma mu ɗauka wahala alama ce ta kuskure. Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi ya zama Fada a Onica a 1937. A 1950, da yardar Bishop ɗinsa Charles Heerey, ya bar aikin Ikilisiya inda jama'a suke ƙaunarsa, ya shiga gidan masu zaman addu'a na Mount Saint Bernard a Ingila, da begen a kafa irin wannan gida a Nijeriya. Da lokaci ya yi, sai aka kafa gidan a Kamaru, shi kuwa rashin lafiya ya hana shi tafiya, ya rasu a Ingila ranar 20 ga Janairu 1964. A idon mutane burinsa bai cika ba. Amma ranar 22 ga Maris 1998 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Oba, kusa da Onica, ya ayyana shi Mai Albarka, ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan daraja. Namu shi ne mu zaɓa da zuciya ɗaya. Amfanin gonar yana hannun Ubangiji.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me yake sa Kirista ya je wurin mai duba, ta yaya kuma za mu taimake shi ba tare da mun kunyata shi ba?
2. Waɗanne shawarwari ne suke gaban iyalanmu a wannan kaka?
3. Wane ne Eli a ƙauyenmu, wanda matasa za su iya zuwa wurinsa ba da tsoro ba?

Addu'a

Ya Uba Maɗaukaki, kai ne ka san farkon hanyarmu da ƙarshenta. Ka aiko mana da Ruhunka Mai Tsarki ya kwantar da zukatanmu, ya haskaka hankalinmu. Ka tsare matasanmu a kan hanya, ka ba iyayenmu hikima, ka ba mu ƙarfin zuciya mu aikata abin da muka gane nufinka ne. Maryamu Uwar Kyakkyawar Shawara, ki yi addu'a dominmu. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.