Ki Ƙarasa Ƙaramin Fannin Nan, 'Yata

'Yata, babanki ya shaida mini kina shawarar ajiye ƙaramin fannin da kika ɗauka a ilimin halayyar ɗan Adam. Ya ce saura kwas biyu, ɗayansu na ƙididdiga da dabarun bincike, ga kuma nauyin babban fanninki na tattalin arziki. Ban ga laifinki ba, karatu a ƙasar wasu ba wasa ba ne. Amma ki ara mini kunnenki kafin ki yanke shawara.

A jami'o'in Amurka digirin farko kan ci kiredit 120 ko kusa da haka, ƙaramin fanni kuwa yawanci kwas biyar zuwa bakwai ne. Kin riga kin ci ƙarfinsa. In kika tsaya yanzu, abin da kika karanta zai shiga lissafin kwasa-kwasan zaɓi kawai, sunan fannin ba zai hau takardar sakamakonki ba. Wannan asara ce, amma ba ita ta fi damuna ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kwas ɗin da kike gudu, domin a ganina shi ne mafi amfani a cikinsu duka. Kwas na farko labarai ne masu daɗi: yadda Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus a 1879, karnukan Pavlov, da gwajin biyayya da Milgram ya yi a jami'ar Yale. Kowa na son waɗannan. Kwas ɗin bincike kuwa shi zai koya miki ki tambaya: mutum nawa aka gwada, su wane ne, in aka sake gwajin abin zai sake fitowa? A 2015 wata tawagar masana ta maimaita bincike 100 da aka riga aka buga a manyan mujallun fannin, sai kashi 36 cikin 100 kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Masu fannin da kansu suka tona wannan, ba abokan gaba ba, kuma da ƙididdigar nan da kike ƙi suka tona shi.

Ke kuma kina da ƙarin dalili. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa a Kanada sun nuna cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake bincike a kansu a manyan mujallu sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya, da yawansu ma ɗaliban jami'a ne. To ki duba gidanmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wani lokaci ma kaka ce ko gwaggo ke riƙonsa. Mu mun san kunya ce da kara, mun kuma san irin son da ke ɓoye a ƙarƙashinsu. Wanda ya zo da takardar tambayoyin da aka tsara don iyayen Boston zai iya rubuta cewa matar ba ta damu da ɗanta ba. Wa zai gyara masa? Sai wanda ya san gida, ya kuma san yadda ake auna abu. Na farko kin taso da shi, na biyu ne ya rage miki.

Kada kuma ki ɗauka wannan karatu kishiyar babban fanninki ne. Daniel Kahneman masanin halayyar ɗan Adam ne, amma a tattalin arziki aka ba shi kyautar Nobel a 2002. Shi da Amos Tversky sun nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciyar mutum, ko da kuɗin daidai suke. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe kaya yana jiran tsohon farashi ya dawo ya san wannan a jikinsa.

Sai dai ga inda zan ja miki kunne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kwas shida ba sa mai da mutum likitan ƙwaƙwalwa. A can Amurka ma, kafin a ba mutum lasisin duba masu damuwa sai ya yi digiri na biyu ko na uku, ya kuma yi dogon aiki a ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Saboda haka in kin zo hutu, kada ki zauna a tsakar gida kina raba wa 'yan uwa sunayen cututtuka, wance tana da kaza, wane yana da kaza. Magana irin wannan ba ta gogewa. In ƙawarki ta shiga ƙunci, ki saurare ta, ki rufa mata asiri, sannan ki raka ta ofishin masu ba da shawara na jami'arku. In abin ya kai ga tana maganar halaka kanta, akwai lambar gaggawa ta 988 da aka buɗe a 2022.

Za ki ji masu cewa ilimin Turawa ne, yana raunana imani. Gaskiya za ki ci karo da ra'ayoyin da ba su dace da tarbiyyarki ba, musamman wajen Freud, wanda yawancin masu binciken yau ma ba sa bin da yawa daga maganganunsa. Ki karanta don ki sani. Ki kuma tuna Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a 934, ya yi rubutu a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, da yadda ake magance su ta hanyar gyara tunani. Ba baƙon abu kika ɗauko ba.

Ki je wajen malamin da ke kula da tsarin karatunki tun kafin a rufe rajistar zango mai zuwa. Ki tabbatar an shigar da ƙaramin fannin a hukumance, ki tambayi mafi ƙarancin makin da ake karɓa, da kuma lokacin da ake koyar da kwas biyun, don wasu sau ɗaya ake yinsu a shekara. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'a.