Idon da ke ganin rubutu dishi-dishi

Yara, a aji akan samu wani da ke matse ido in zai karanta babban allo. Malam ya rubuta 8, shi ya kwafi 3. Da marece kansa na ciwo. Wasu su ce raggo ne. Sau da yawa ba ragganci ba ne, siffar idonsa ce.

A gaban baƙin ido akwai wata fata garau kamar ruwa. Ta nan haske ke shiga, don haka mu kira ta tagar ido. Kaurinta kamar rabin milimeta ne. Ga yawancin mutane lanƙwasarta daidai take ta kowane gefe, kamar bayan ƙwarya. Ga wasu kuwa kamar bayan cokali take, ta fi lanƙwasa ta gefe ɗaya. Ku duba fuskarku a bayan cokalin ƙarfe. In yana tsaye ta yi tsawo, in yana kwance ta yi faɗi. Haka irin wannan taga ke karkata haske, ya kasa taruwa wuri guda cikin ido. Abin kusa da na nesa duk su yi dishi-dishi. Likitoci na ce wa wannan astigmatisim.

Wani masani na Ingila, Thomas Young, ya gano shi a idonsa a 1801. A 1825 George Airy ya sa aka yi masa tabarau mai gyara shi. Har yau tabarau ne maganin farko.

A 1960 aka ƙera na'urar lazer ta farko a Amurka. Lazer haske ne siriri mai ƙarfi. A 1988 likita Marguerite McDonald ta gyara ganin mutum da shi. Wajen 1990, a Girka, likita Ioannis Pallikaris ya inganta hanyar da ake kira LASIK.

Ga yadda ake yi. A ɗiga magani don kada ido ya ji zafi. Mutum na farke. Kun san albasar Galmi, kun san fatar nan sirirya da ke tsakanin ɓawo da ɓawo. To, kamar ita likita ke ɗagawa daga tagar ido, amma ba ya cire ta. Kwamfuta ta bi awon da aka yi, lazer ya kankare inda ya kamata, kaɗan-kaɗan, har lanƙwasar ta daidaita. Sai a maida fatar, ta manne ba ɗinki. Kankarar kanta ba ta cika wuce minti guda ba.

Amma abin da aka kankare ba ya komowa. Shi ya sa ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, don idonsa bai gama sakewa ba. Ba a yi wa mai sirirar taga. Bayan aikin, idon wasu kan bushe wata da watanni, ga kuma ƙurar hunturu a ƙasarmu! Wasu kan ga zobe kewaye da fitila da dare. Aikin na da tsada, sai a manyan birane. Kuma ba shi ne maganin yanar ido ko amodari ba.

Ɗan makarantar Tajaye awon ido yake bukata. Iyayensa su kai shi gidan likita, a tura shi inda ake awo. Akwai asibitin da ba a duba komi sai ido, kamar na Kano da aka buɗe a 1943. Kada ya ari tabarau na wani, kada a saya masa na kasuwa. Kowane ido da gefen da ya karkata, kuma a kansa ake yanka gilashin.

Aiki

Ku zana ƙafar keke a allonku, da wayoyi 12 masu kauri ɗaya. Ku jingine allon, ku ja da baya taki uku. Ku rufe ido ɗaya, sa'an nan ɗayan. Wanda ya ga wasu wayoyi sun fi wasu fitowa, ya gaya wa malam.