Amincin Sadarwar Iska a Lokacin Gaggawa: Nazari a kan Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

A fannin sadarwa ana bambanta saƙon da zai iya jira da wanda jinkirinsa daidai yake da rashin isarsa. Gargaɗin da ake aika wa ƙauye cewa mahara sun doso, ko kiran ungozoma tana neman motar da za ta ɗauki mai naƙuda daga Zurmi zuwa asibiti a Ƙaura Namoda ko Gusau, duk suna cikin rukuni na biyu. Masana kan auna amincin irin wannan sadarwa da tambaya guda: cikin saƙonni nawa ne ɗaya zai kasa isa kafin wa'adinsa ya cika? Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta gindaya wa fasahar 5G ita ce ɗan gajeren saƙo ya isa cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, kuma kada a rasa fiye da ɗaya cikin 100,000.

Sai dai wannan ma'auni tazarar da ke tsakanin waya da turken sadarwa kawai yake dubawa. Ya ɗauka cewa turken yana aiki. A nan ne matsalar arewacin Zamfara take.

Ranar 3 ga Satumba 2021, hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin daƙile 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Gusau aka fara mayar wa sabis a farkon Oktoba, sauran yankunan kuwa suka ci gaba da jira. Ko mene ne alfanun matakin ta fuskar tsaro, ya fito da wani rauni fili: kiran jami'an tsaro, neman likita, tura kuɗi, har lambar gaggawa ta 112, duk a kan turaku ɗaya suka rataya. Da aka kashe su, sai komai ya yi tsit a lokaci guda.

Ko ba tare da umarnin hukuma ba, raunin yana nan. Turakun karkara da janareta da batura suke rayuwa, kuma da yawansu suna miƙa saƙo ne daga wannan zuwa wancan kamar sarƙa. Idan motar man dizal ta kasa bin hanyar Shinkafi, turke ɗaya ya mutu, waɗanda ke bayansa ma sun yanke.

Saboda haka abin da yankin ya fi buƙata shi ne hanya ta biyu wadda ba ta dogara da ta farko ba, kafin a yi maganar ƙarin sauri. Rediyon oba-oba mai aiki da hasken rana na iya haɗa asibitoci da ofisoshin ƙananan hukumomi, wayar tauraron ɗan'adam kuma ta zama madogara ta ƙarshe, duk da tsadarta. Akwai sharaɗi: rediyon da ba a sirranta muryarsa ba, duk mai na'ura irinsa zai iya saurara, har da wanda ake gargaɗi a kansa.